Ranar da Bindigar Burl Ta Tashi

Kowane kwari da mai bakinsa, namu kuwa a nan Laurel, Burl Hensley ne. Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugun mutum ba ne. In motarka ta faɗa rami shi ne na farkon zuwa da igiya. Sai dai kafin a fito da ita za ka sha labarin motocin da ya taɓa jawowa shi kaɗai, har ka gwammace a bar maka abarka a ramin.

Abin da Burl ya fi tinƙaho da shi a duniya jelar rigarsa ce. A bukkar mafarauta da ke saman dutse akwai doka tun ta kakanni: duk wanda ya harbi barewa a kakar farauta da bindigar ɗuri, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ya kuskure, za a yanke masa jelar riga, wato ƙasan nan na baya da ake cusawa a wando, a kafe ta da ƙusa a bango. Bangon ya cika da ƙyallaye kala-kala kamar bargon faci. Akwai ta fasto, akwai ta likitan dabbobi. Roscoe, ƙanin matar Burl, wanda shi ke riƙe da wuƙar yankan, nasa ma sun fi na kowa yawa. Ta Burl ce kaɗai babu. Tun yana saurayi har furfura ta gama da kansa wuƙa ba ta taɓa rigarsa ba, kuma ba ka isa ka zauna kusa da shi a shagon aski ko a ƙofar coci ka tashi ba ka ji wannan ba.

Abin da ba ya sawa a cikin labarin shi ne bai taɓa kawo ko kofaton barewa gida ba. Bindigar kakansa yake saɓawa, wata doguwa mai ƙyastu da ta daina tashi tun kafin a kawo mana wutar lantarki. In ya ja kunama sai ta ce ƙyas ta yi shiru, barewa ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da kiwonta. Doka kuwa ta ce bindigar da ba ta tashi ba, ba ta kuskure ba. Sai Burl ya dawo bukka yana kaɗa kai, wai da ta tashi da yanzu ana suyar hanta. Tsohuwar nan ta rufa masa asiri kamar uwa, shi kuwa ba abin da yake saka mata da shi sai zagi.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci Roscoe ya zo cin abinci gidan yayarsa Verna, ya dire mata cinyar barewar da ya harbo da baka kafin kakar bindiga a kan tebur kamar yadda ya saba kowace shekara.

"Ga shi, Yaya, ki ɗanɗana," in ji shi. "Tunda mijinki riga yake kiwo."

Burl ya ajiye cokali. Ya ce wa Roscoe yaro, alhali Roscoe na da jikoki, ya ce maharbi ba ya wuce bindigarsa, kuma da Allah ya haɗa hannun nan nasa da bindigar zamani, da barewar dutsen nan sun yi ƙaura zuwa wata jiha. Roscoe ya ce ai shagon Nadine a buɗe yake. Nan take Burl ya rantse a gaban kaza da burodin masara cewa kafin kakar bana ta fita zai rataye namijin barewa mai rassan ƙaho a ƙofar bukka, kuma Roscoe ne zai yi masa fiɗa.

Verna ta dube shi ta ce, "Burl, da ka bar wa tsohuwar nan aikinta. Ta san abin da take yi."

Bai gane ba. Ya ce mata ba su san bindiga ba.

Washegari ya ɗauki a-kori-kurarsa sai gari. Nadine tana sayar da abincin kaji da takalman ruwa da bindigogi duk a ɗaki ɗaya, kuma tun tana yarinya a kan kantar babanta ta san Burl. Ya gaya mata abin da ya kawo shi da murya yadda masu sayen dusa a can ƙuryar shago za su ji. Ta jero masa guda uku.

Ta farko baƙa ce, gajeriya, marar nauyi. Nadine ta ce ita yawancin mutane ke saya. Burl ya tambaye ta ko ya yi mata kama da yawancin mutane. Ta biyu farin ƙarfe ce wadda ba ta tsatsa. Ya ce a'a, ƙyallinta zai tona shi, domin barewar yankin nan sun san shi, ko tarinsa suka ji sai su sanar da juna. Ta ukun sai da Nadine ta sa hannu biyu ta ɗago ta: doguwa, an zane jikinta kakaf da ganye da ɓawon itace, an ɗora mata madubin hange mai kaurin tulun shayi. Albarushinta ma ba gari ba ne, curarre ne dunƙule-dunƙule kamar alewa, harsashinta kuma da ɗan wandonsa na roba.

"Dunƙule biyu ya ishi kowace barewa, Kawu," in ji Nadine. "Tana ɗaukar uku, amma da uku harbin alfadari take yi."

Burl ya ce shi da ya horar da alfadarai. Ya ɗaga ta ya auna agogon bango, bakin bindigar yana rawa kamar jelar kare, ya ce daidai hannunsa, kamar an auna. Nadine ta fara yi masa bayanin abin da ake fara sawa da abin da ke biyo baya, ya ɗaga mata hannu ya ce yana ɗurin bindiga tun kafin a yaye uwarta. Ita kuwa babanta ya koya mata ba a musu da mutumin da ya riga ya buɗe jakar kuɗinsa. Ta naɗe masa kayansa. Har ya kai ƙofa ta ce, "Kawu Burl, wannan fa tana tashi. Kullum."

"Abin da ya kawo ni ke nan," in ji shi.

Ranar gwaji bai yi a ɓoye ba, kamar yadda mai hankali zai yi. Sai da ya bi gida-gida. Kafin ya gama jingina kwali a jikin damin ciyawa a bayan gida, maƙwabta sun jeru a shinge, wasu da kofin kofi a hannu, Roscoe kuma ya kawo kujerarsa. Burl ya tsaya a tsakiya yana ɗuri yana wa'azi. Ya nuna musu harsashi, ya nuna musu wandonsa, ya sa sandar ɗuri ya danna shi har ƙasa, ya ce ku lura, a nan ake gane gwani. Ya buɗe gindin bindigar ya sa mata ƙwayar wuta mai kunna albarushi, ya gyara tsayuwa, ya ce mata su toshe kunne.

Bindiga ta ce fit, kamar atishawar ɗan tsako.

Aka dubi juna. Can Roscoe ya nuna aljihun Burl da baki, inda dunƙulen albarushi ke zaune lafiya a cikin kwalbarsu, ya ce, "Yaya Burl, ashe ita ma sabuwar ta gado halin kaka?"

Dole aka shiga da ita ciki aka kwance gindinta a kan teburin Verna, aka turo harsashin, aka bar mata tabon mai a farin mayafin tebur. Burl ya ce da gangan ya yi, don ya nuna wa yara kuskuren da sababbin shiga ke yi. Babu yaro ko ɗaya a wurin.

Da aka fito karo na biyu, don ya rama, sai ya zura dunƙule uku, yana cewa da akwai wuri da ya ƙara. Ya manna idonsa a madubin kamar mai leƙen ramin makulli. Wannan karon ta tashi. Karnukan kwarin gaba ɗaya suka amsa, kaji suka haye rufi, farin hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya rufe gidan har ba a ganin shinge. Da ya washe sai ga Burl ya yi zaman 'yan bori a cikin taɓo, hula a gefe, madubi ya zana masa jinjirin wata a gira, jini na bin hanci. Kwali yana nan ko ƙwarzane. Gangar da Verna ke tarar ruwan sama kuwa, wadda take can wani ɓangare daban, tana fitsari ta gaba da ta baya.

Roscoe ya fara laluben wuƙa a ƙugu. Burl, daga zaune, hannu a kan jelar rigarsa, ya ce doka barewa ta ce, ganga ba barewa ba ce. Aka duba aka ga gaskiyarsa. Ya ce kuma madubin a karkace ya zo daga kamfani, shi ya sa. Verna ta wanke masa gira da ruwan gangar da ya fasa, ta liƙa masa filasta, ba ta ce uffan ba. Shirun Verna ya fi zagin wasu ciwo, amma Burl ya ɗauka girmamawa ce.

Ranar buɗe kaka kowa tsohuwar rigarsa yake sawa, wadda ko an yanke ba asara. Verna ta fito masa da wata koɗaɗɗiya. Burl ya ce mai tsoron wuƙa shi ke sa tsumma, ya je ya ɗauko sabuwar rigar ulu ja mai gidan dara, wadda Verna ta ɗinka masa da hannunta don zuwa coci. Ya ɗora falmaran ruwan lemo da hula ruwan lemo yadda hukuma ta ce, ya saɓa bindigarsa mai ganye. Verna ta dube shi sama da ƙasa ta ce to madalla, bindiga ta ɓuya, saura mai ita.

Maganarta kuwa ta kama shi tun hantsi bai yi ba. Kofin da ya sha da sassafe ya matsa masa, ya jingina bindiga a jikin wata bishiya, ya zaga bayan kurmi. Da ya dawo, bishiyoyi duk iri ɗaya, ganye ya zubo ko'ina, bindiga ta yi aikin da aka zana ta domin shi. Ya duba nan, ya duba can, ya dawo inda ya fara. Yana rarrafe yana shafa gindin itatuwa sai ga barewa mace da ɗanta sun zo wucewa, suka tsaya suna kallon wani dattijo ruwan lemo yana tafiya da ƙafa huɗu. Bai same ta da ido ba, da ƙauri ya same ta, ya yi tuntuɓe da ita suka zube tare.

Da rana ta take ya iso bukka. Ranar farko mata kan hau da abinci, don haka wurin a cike yake: ga tukunyar wake a kan wuta, ga burodin masara, ga fasto yana rabon kofi. Kowa ya cire ƙwayar wuta ya jingina bindigarsa a baranda. Aka tambayi Burl labarin daji, ya ce ya ga guda biyu amma ƙanana ne, bai ga abin da zai ɓata albarushi a kansu ba. Aka tambaye shi ganyen da ke cikin kunnensa, ya ce dabara ce.

A ransa kuwa faɗuwar nan ta dame shi, yana tsoron ko harsashi ya gusa daga kan albarushi. Maimakon ya koma gefe ya duba, sai ya mai da abin darasi. Ya tsaya a gaban jama'a ya zare sandar ɗuri ya zura ta a bakin bindiga, yana bayanin cewa maharbi na gaske ba ya yarda da ɗurin safe sai ya sake taɓawa. Yana cikin dannawa ya ga babu mai kallonsa. Kowa ya zuba ido bayansa.

A tsallaken rafi akwai tsohuwar gonar tuffa da aka daina nomawa. A ƙarƙashin bishiyar farko, kusa ƙwarai, ko da dutse ka jefa za ka samu, wani namijin barewa ne tsaye, ƙahonsa kamar an kifa masa kujera a ka. Ba wanda ya motsa. Bindiga ɗaya ce a hannu duk wurin.

"Yaya Burl," in ji Roscoe can ƙasa-ƙasa, "ga baƙonka ya iso."

A nan ne, karo na farko a rayuwarsa, abin da Nadine ta faɗa ya shiga kunnen Burl. Wannan tana tashi. Babu ƙyas, babu kaɗa kai, babu da ta tashi da an soya hanta. Ya ji jelar rigarsa ta yi masa nauyi a wando. Ya raɗa cewa kamar bai gama girma ba, a bar shi sai baɗi. Aka ce ya girma. Ya ce rana tana idonsa. Aka ce rana tana bayansa. Ya ce ai ladabi ya ce a fara ba fasto, fasto ya ce ya yafe.

Verna tana riƙe da ludayi ta ce, "Burl, ko ka harba, ko ka zauna ka ci wake."

Ya sa ƙwayar wuta. Ya tuna da girarsa, ya janye fuska nesa da madubi har ba ya ganin komai a ciki sai baƙi. Da ya ga haka sai ya rufe idon ma gaba ɗaya, ya ja.

Ƙarar ta fi ta ranar gwaji, kuma da wani sabon abu a cikinta, wani fito kamar na tsuntsun da ba a taɓa ji ba. Waɗanda ke gefe da hayaƙi sun ce sun ga sandar ɗuri tana juyi a sama kamar sandar jagoran 'yan fareti, ta haye rafi, ta wuce can saman ƙahon, ta faɗa cikin rassan tuffa. 'Ya'yan itace suka zubo kamar ƙanƙara. Barewa ya yi tsalle ɗaya gefe, ya tsaya, ya waiwayo. Da ya ga ba abin da ya same shi sai alheri, ya dawo ya sunkuya ya fara ci.

Burl yana kwance rigingine yana kallon gajimare. Maza suka ɗago shi suna raɗa masa ya sake ɗuri, ga shi nan bai tafi ba. Ya zura albarushi, wannan karon bai manta ba. Ya ɗora harsashi a baki. Ya kai hannu ƙarƙashin bindiga inda sanda ke zama, ya shafa, ya sake shafawa. Ya dubi Roscoe, Roscoe ya nuna masa saman bishiya. Ya nemi aro, Roscoe ya ce ba a aron sanda a tsakiyar harbi, kuma ba wanda ya taɓa jin wannan doka sai ranar, amma ba wanda ya musa. Burl ya danna da babban yatsa, ya ƙi. Ya fizge ludayin Verna ya juya ƙotarsa, ita ma ta ƙi shiga, sai romon wake da ya bi masa hannun riga. Barewa ya cinye ta biyu, ya ɗauki ta uku a baki, ya juya a hankali ya shige kurmi, yana kaɗa musu farar jelarsa, wadda ba mai yanke masa.

Dariyar da aka yi ba ta faɗuwa. Likitan dabbobi sai da aka bubbuga masa baya. Da aka lafa Roscoe ya zare wuƙa ya goge ta a cinya.

Burl bai ba da kai da sauƙi ba. Ya ce bai kuskure ba, bishiyar ya auna, don ya saba wa barewar da wurin, gobe ya zo ya ɗauke shi a tsanake. Da wannan ba ta karɓu ba ya ce sandar ce ta kauce da harsashi, laifin sanda kuwa ba a ɗora wa riga.

"Tsaya, Yaya, mu bi a sannu," in ji Roscoe. "Me ya fita daga bakin bindigar nan?"

"Harsashi."

"Sai me?"

Burl ya kau da kai. Jama'a suka amsa masa: sanda.

"A cikinsu wanne ya sami barewa?"

Aka juya ga fasto, domin bukkar ba ta taɓa ganin irin wannan shari'a ba. Fasto ya kurɓi kofi, ya dubi ƙyallensa da ke bango, ya ce shi dai abin da ya sani ba a tauye mudu, kowane abu da hakkinsa. Abu biyu sun fita, abu biyu sun kuskure. Riga kuwa, cikin ikon Allah, tana da jela a baya, tana da ita a gaba.

Roscoe ya matso, sai Verna ta miƙa hannu. "Ba ni wuƙar nan. Ni na ɗinka ta, kai kuma ba ka iya yanka a miƙe ba."

Ta zaro rigar daga wandon mijinta, ta yanke ta baya, ta zagayo ta yanke ta gaba, a miƙe sumul kamar da almakashi. Burl yana tsaye hannuwa a sama, filasta a gira, farin tumbinsa yana shan iskar dutse a gaban matan coci. Bakinsa ya mutu. Waɗanda suka san shi tun yana yaro sun ce ba su taɓa jin shirunsa ba sai ranar, har abin ya fara ba mutane tausayi, dariya ta ragu. Verna ta gyara masa wuyan abin da ya saura na rigar ta ce masa a hankali, ba ka mutu ba, tsoho, kowa a nan an yanke masa.

Roscoe ya kafa ƙyallayen biyu a bango, ja-wur a tsakiyar koɗaɗɗun tsummoki. Burl ya daɗe yana kallonsu. Ya dubi na fasto, ya dubi na likita, ya bi jerin na Roscoe ɗaya bayan ɗaya. Sai aka ga ƙirjinsa ya fara tasowa.

"Yaro," in ji shi, "tun da aka gina bukkar nan, wa ya taɓa kafa biyu da harbi ɗaya?"

Roscoe ya bi bangon da kallo. Ya ce babu.

"To cire su ka mai da su sama, inda mai shigowa zai fara gani."

Verna ta tura masa kwanon wake a tumbi ta ce ya riƙe da hannu biyu, ko ya rufe wa jama'a abin da suka gaji da gani.